Gidan Baba na Ɗorayi a Kasuwa

Asabar, 11 Janairu 2025

Yau muka zauna a gidan Yaya a Rijiyar Zaki, mu bakwai da Umma da Kawu, aka tsayar da magana: za a sayar da gidan Baba na Ɗorayi a raba gado. Wata goma sha huɗu ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. An biya bashin da ya bari tun bara, bai bar wasiyya ba, iyayensa kuma sun riga shi. Magada Umma ce da mu 'ya'ya, maza uku, mata huɗu.

Gidan ba ya rabuwa. Ƙafa 50 ne ta 75, da soro, ɗaki biyar, falo ɗaya, kicin, banɗaki biyu, da rijiya a tsakar gida. In aka ce a yanka, kowa zai tashi da abin da ba ya zaunuwa. Tun da Umma ta koma wurin Yaya, auta ne kaɗai ke kwana a soro don kada a ga gidan ba kowa.

Ni aka ɗora wa bin ciniki, saboda makarantar da nake koyarwa ba ta da nisa. An sa kuɗi naira miliyan 38. Yaya ya ce an sayar da wani gida a bakin titi miliyan 40, namu kuma ya fi shi ɗakuna. Na amince. Zan riƙa rubuta duk abin da aka kashe a nan, don hakkin mutum takwas ne a hannuna.

Laraba, 15 Janairu

Shara da kwashe tarkace: 35,000. Allon "Gidan Sayarwa" da lambar wayata: 18,000. Na faɗa wa dillalai huɗu, na tura musu hotuna.

Lahadi, 26 Janairu

Kira ya yi yawa, mai zuwa gani ya yi kaɗan. A kwana goma an kira ni sau ashirin da uku, mutum biyar suka zo. Cikin biyar ɗin, uku ashe su ma dillalai ne. Biyun da suka zo da niyyar saye, tambayarsu ɗaya tun kafin mu shiga: mota tana shigowa? Tana shigowa lungun, amma sai dai ta fito da baya, kuma in adaidaita sahu ta tsaya a baki, shi ke nan. Ɗaya ya leƙa soro kawai ya ce zai kira. Ɗayan ya zagaya gidan ya taya miliyan 22. Na ce albarka.

Asabar, 8 Fabrairu

An yi fenti ciki da waje, kwana huɗu. Fenti da kuɗin aiki 240,000. Shawarar ɗaya daga cikin dillalan ce, ya ce ido ke saye kafin aljihu. Gidan ya yi haske.

Alhamis, 13 Fabrairu

Yau raina ya ɓaci. Wani abokin aikina ya nuna mini hoton gidanmu a Facebook, an sa miliyan 45. Na bincika, sai ga shi a wani zauren WhatsApp a miliyan 42, a wani kuma 40 "ana ragi". Hotunan da na ɗauka da hannuna ne, har da tabarmar auta a soro. Dillalai huɗu na ba, yanzu masu tallar gidan sun fi goma, kowa ya ɗora nasa a kai. Su ne 'yan kayi-na-yi: ba su san mai gida ba, ba su san mai saye ba, suna jira ciniki ya faɗa su ce da su aka yi.

Illar ba ƙarin kuɗin ba ce kaɗai. Mai neman gida a Kano ba dillali ɗaya yake bi ba. In ya ga gida guda da farashi uku, sai ya ɗauka ko akwai rigimar gado, ko mai shi ba ya nan, ko cuta ake shirin yi masa. Mai kuɗinsa a hannu ba ya tsayawa bin diddigi, gaba yake yi.

Na kira huɗun na ce kowa ya sauke hotunan. Biyu sun sauke.

Asabar, 22 Fabrairu

Wannan ranar ba zan manta da ita ba. Wani Alhaji mai shago a Kantin Kwari ya zo da magininsa, dattijo mai ɗan guduma a aljihu. Alhajin ya yaba tsakar gida, ya yaba rijiya da ya ji ba ta ƙafewa ko da bazara. Shi kuwa maginin bai ce komai ba, ya tsuguna a ɗakin kudu yana ƙwanƙwasa bango daga ƙasa. Filasta ta yi ƙarar kwalabo, ya sa farce, sabon fenti ya ɓanɓaro, ga gishirin danshi fari fat a ƙasa. Ya fita waje ya dubi lungu, ya dubi dokin ƙofa, ya ce, "Malam, titi ya fi gidan nan tudu. Da damina ruwa yana shigowa ko?"

Yana shigowa. Duk ɗan gidan nan ya sani. Baba ya gina a 1989, lokacin bayanmu gonaki ne. Tun daga nan kowane maƙwabci ya yi gini sai ya yi ciko, lungu ya yi ta tashi, gidanmu ya zama kwari. Duk watan Agusta da bokiti muke kwashe ruwan tsakar gida, mun saba har mun daina ganinsa a matsayin aibi.

Na ce masa eh, yana shigowa. Alhajin ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa tun farko, da mun san ta inda za mu fara magana." Suka tafi, bai taya ba.

Na daɗe a zaune a bakin rijiya. Ban yi fenti da nufin ɓoye komai ba, amma abin da fentin ya yi ke nan, kuma mutum biyar sun shiga gidan nan ban gaya wa ko ɗaya ba. Hadisin nan na mai sayar da abinci da ya sa jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama, inda Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu, tun muna Islamiyya muka haddace shi. Dukiyar gado ce za mu ci da 'ya'yanmu, ba na son a gauraya ta da hakkin wani. Daga yau duk wanda ya zo, maganar ruwa ce farkon abin da zai ji daga bakina.

Na gaya wa Yaya da daddare. Ya ce, "To ai za su karya kuɗin." Na ce, "Yaya, sun riga sun karya, tafiya suke yi ba sa dawowa."

Asabar, 1 Maris

An tashi da azumi. Dillalai sun ce sai bayan sallah, kuɗin mutane ya tafi abinci da kayan yara.

Laraba, 12 Maris

Shiru. Kira biyu a mako guda. Na biya tsohon bashin wuta da ya taru a gidan, 87,000, na karɓi rasit na haɗa da takardu.

Lahadi, 16 Maris

Wani ma'aikacin gwamnatin tarayya ya zo da matarsa bayan la'asar. Na fara da maganar ruwa, na nuna masa inda ya tsaya a bango bara. Bai razana ba, ya ce a Kurna ya tashi, ya san ruwa. Kusancin gidan da tsohuwar Jami'ar Bayero ne ya ja shi, 'ya'yansa biyu suna can. Ya taya 28, na ce 33, muka tsaya a 31 in 'yan'uwana sun yarda. Zai kawo miliyan 1 kafin alƙalami.

Talata, 18 Maris

Kowa ya amince da 31, ban da Yaya Babba ta mata, wadda ta ce a ba ta kwana biyu. Daga baya ta kira ta ce a sallama. Ya kawo kafin alƙalami, mun rubuta takarda da shaidu biyu.

Alhamis, 27 Maris

Ciniki ya warware.

Ashe miliyan 12 ne a hannunsa, sauran zai ciwo ne daga asusun gidaje na ƙasa, wanda ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikata ana zubawa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan ruwa kashi 6. Shekara da shekaru ana cirar masa, hakkinsa ne ya nema. Amma gidan ne jingina, kuma ba a karɓar jinginar gidan da ba shi da satifiket ɗin mallaka. Mu abin da muke da shi takardar ciniki ce ta 1988 da sa hannun mai unguwa da shaidu, sai takardar ƙaramar hukuma, sai ta kotu da ta tabbatar da magada. A unguwa waɗannan sun isa, ba wanda ya taɓa ja da mu. A banki ba su isa ba. Bankunan kasuwa kuwa ba ma a maganarsu, tunda Babban Banki ya kai nasa ma'aunin ruwan kashi 27.5.

Na je wurin wani lauya ya warware mini abin da ban taɓa tsayawa na fahimta ba. A dokar filaye ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne, satifiket kuma shi ne shaidarsa, galibi na shekara 99. Mai satifiket ma in zai sayar, sai an nemi amincewar gwamna kafin a juya suna. Ya ce za mu iya nema, a fara da awon safiyo a kai KANGIS, hukumar da ke riƙe da taswirar filayen jihar Kano, amma ba abin mako biyu ba ne. Ya ƙara da cewa tun rusau ɗin da aka yi a 2023, masu saye a Kano sun ƙara tsoron gini marar cikakkiyar takarda, ko da a tsohuwar unguwa yake.

Mutumin ya zo da kansa ya ba da haƙuri. Wani dillali ya ce a riƙe wani abu daga kafin alƙalamin tunda shi ya janye. Na ƙi, na mayar masa da miliyan ɗayansa cif. Bai yi mana ƙarya ba, ni ne ban tambaye shi ta inda kuɗin zai fito ba, shi ma bai tambayi takarda ba sai da ya je cike fom.

Lahadi, 30 Maris

Sallah. Mun haɗu a wurin Umma. Ba wanda ya ɗauko maganar gida sai da aka watse, ta kira ni ɗaki ta ce, "Kada gidan nan ya raba mini kanku." Na ce in sha Allahu, Umma.

Asabar, 5 Afrilu

Zaman ya yi zafi. Yaya Babba ta ce a fasa sayarwa, a zuba 'yan haya, tunda naira kullum faɗuwa take yi, gida kuma ba ya faɗuwa. Maganarta tana da ƙafa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 aka kuma saki naira, duk wanda ya riƙe takardar kuɗi ya ga yadda ta narke. Amma auta yana son aure, ƙanwarmu ta uku mijinta ya rasu tana haya da marayu huɗu, su ba za su iya jiran kuɗin haya da za a raba gida takwas ba.

Kawu ne ya kashe wutar. Ya ce a mazhabar Malikiyya mai tarayya a gidan da ba a raba ba yana da shuf'a, wato ya fi bare cancantar saye a kan kuɗin da aka taya. "Duk wanda ba ya so gidan ya fita, ga hanya, ya sayi rabon 'yan'uwansa." Aka ba da mako biyu. Aka kuma yarda da abu uku: a gyara hanyar ruwa, a yi awon safiyo, a sauko da kuɗi zuwa miliyan 32.

Laraba, 9 Afrilu

Safiyo ya auna, ya kafa duwatsu. 120,000. Gidan ya cika yadda takardar 1988 ta ce, bai shiga hanya ba.

Litinin, 21 Afrilu

An gama aikin ruwa, kwana takwas. Na nemo dattijon maginin nan da ya zo da Alhajin Kwari, don shi ya ga ciwon tun farko. Ya ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ya yi wa tsakar gida ciko ya karkata shi gabas, ya binne bututu mai inci 6 daga can zuwa babbar lambatu ta bayan layi. Bututun ya bi ta gefen katangar maƙwabcinmu na baya, sai da na je na roƙe shi. Ya ce, "Ɗana, ni da mahaifinka shekara talatin muna sallah sahu ɗaya. Ku wuce da shi."

Ɗakin kudu an fasa filasta ƙafa uku daga ƙasa an sake. Ban sa an yi fenti a kai ba, na bar shi a siminti, mai saye ya ga inda aka taɓa.

Siminti buhu 22: 220,000. Yashi: 75,000. Bulo 150: 90,000. Bututu: 55,000. Magini da leburori: 160,000. Jimla 600,000. Ni da Yaya muka ranta, za a cire in an sayar.

Wa'adin shuf'a ya cika, ba wanda ya iya.

Asabar, 26 Afrilu

Na je gaida mai unguwa, na ba shi labarin wata uku da rabi. Ya saurara, ya ce, "Gidan da ya daɗe a bakin dillalai kamar budurwar da ta daɗe ana zance ne, kowa sai ya ce me ya hana." Ya ce in cire allon, in janye daga hannun kowa, in ba mutum ɗaya. Ya haɗa ni da wani tsohon dillali na unguwar, ba ya Facebook, wayarsa ma ƙarama ce. Na ce, ranka ya daɗe, na ji.

Dillalin ya zagaya gidan, ya ce, "Malam, gidan bakin titin da kuka yi awo da shi, shago uku ne a jikinsa. Shagunan aka saya. Naku gidan zama ne a lungu, kuɗinsa tsakanin 27 da 29." Mun rubuta: shi kaɗai, wata biyu, la'ada kashi 5 cikin ɗari daga wurinmu, duk wanda ya jawo ya sallame shi daga cikin nasa.

Na ji nauyin kai wa 'yan'uwana wannan lissafin. Miliyan 38 da muka sa, yanzu na gane ba daga bulo da fili muka ƙirgo ta ba. Mun haɗa da ɗakin da aka haife mu da inuwar darbejiyar da Baba ke karatu a ƙarƙashinta, mai saye kuwa ba zai biya waɗannan ba.

Juma'a, 9 Mayu

Mutum ɗaya a mako biyu. Ya taya 24.

Talata, 20 Mayu

Mutum biyu. Ɗaya yana so ya rushe ya yi ɗakunan ɗalibai, ya taya 25, ya ce fili kawai yake saye. Albarka. Dillali ya ce a yi haƙuri, alhazai suna tashi, sauran mutane kuma hankalinsu yana kan rago.

Juma'a, 6 Yuni

Babbar sallah. Ba labari.

Laraba, 11 Yuni

Dillali ya kira da sassafe. Ɗan maƙwabcinmu na baya, wanda ke aiki a Abuja, ya zo sallah, kuma ya daɗe yana neman gida kusa da mahaifinsa saboda tsufa ya kama shi. Shekara biyu yana duba Janbulo da Tudun Yola, kuɗin ya fi ƙarfinsa. Ya ga allonmu tun Fabrairu, ya tambaya aka ce masa 45, ya yi shiru don kada ya taya abin da zai ɓata zumunci.

Wata biyar muna neman mai saye a kasuwannin Kwari da Singa da intanet, ba mu taɓa ƙwanƙwasa ƙofar da ke manne da katangarmu da tayin gidan ba. Hadisi ya zo a kan cewa maƙwabci ya fi cancanta da abin da ke kusa da shi, kuma ko a al'ada shi ake fara yi wa tayi. Mun ɗauka dattijon ba shi da hali, ba mu tuna da ɗansa ba. Wannan kuskurena ne, ni aka ba riƙo.

A wurinsa lungun ba matsala ba ne. Gidan mahaifinsa yana kallon layi mai faɗi, in ya fasa ƙofa a katangar tsakani, can zai ajiye mota. Takarda ma bai damu ba, a gaban mahaifinsa Baba ya sayi filin, kuma ya ce da awon safiyon zai nemi satifiket da sunansa. Ruwa ne kaɗai ya ce sai ya gani.

Lahadi, 15 Yuni

An yi ruwa mai ƙarfi jiya da dare. Na kira shi ana tsaka da yi, ya zagayo da tocila, muka tsaya a soro ni da shi da auta. Ruwan lungu ya zo ya daki dokin ƙofa ya wuce. Na tsakar gida ya taru kamar tafin hannu, ya bi bututu. Minti ashirin bayan an ɗauke, ƙasa ta fito. Na ce masa wannan ruwan Yuni ne, na Agusta ya fi shi, ban ga yadda gyaran zai yi da shi ba tukuna. Ya ce ya sani, a bayan gidan ya girma.

Da safe ya taya 27. Dillali ya yi ta kai da kawo, aka tsaya a 28. Na kira kowa ɗaya bayan ɗaya. Yaya Babba ta yi kuka a waya, sannan ta ce, "Gara shi da baƙo. Na sallama."

Alhamis, 19 Yuni

An rubuta takarda a gaban mai unguwa, da lauya, da Kawu, da shaidu huɗu. Magada takwas kowa ya sa hannu, Umma ta dangwala. Na sa an rubuta maganar ruwa da gyaran da aka yi a cikin takardar. Kuɗi ya shigo asusu kafin mu tashi. Lauya 100,000.

Lissafi: miliyan 28. La'ada 1,400,000. Abin da aka kashe tun Janairu 1,200,000. Saura 25,400,000. Tumunin Umma 3,175,000. Ragowar 22,225,000 an kasa goma: kowace mace 2,222,500, kowane namiji 4,445,000. Na tura wa kowa hoton shafin da rasit-rasit.

Asabar, 21 Yuni

Mun kwashe sauran kaya. Littattafan Baba sun tafi wurin Kawu, gadon ƙarfe wurin ƙanwarmu mai marayu. Umma ta zo da kanta, ta shiga kowane ɗaki, ta sa auta ya jawo mata ruwan rijiya a jarka. Ta roƙi sabon mai gidan ya bar darbejiyar, ya ce, "Umma, ba zan sare ta ba." Bayan la'asar na ba shi mukullai biyar da takardar 1988.